Filasko da Cikin Rabi

Zuwa ga Kakata Hajo, da ke kwance a makwancinta na Tsibiri. Gaisuwa da girmamawa daga jikanki Idi, wanda kike kira mijin banza. Bayan haka, matata, yau ban zo da tsokana ba.

Kin tuna ina bin ki fadamar Jiratawa tsinko filasko, ina saka miki kwaɗo a ƙwarya kina zagina har gida? Ko ina wasa, idona na kanki. Na ga yadda kike jiƙa shi da tsamiya ki ba mai taurin ciki ko mai shawara. Na kuma ga ba ki taɓa miƙa wa mace ba sai kin zaunar da ita, kin dubi wuyanta da tafiyarta. Kullum kina cewa, "Mai cikin fari ba ta faɗa, ni ke gani."

Ƙanwata Rabi, wadda kika goya, tana ɗakin mijinta a nan Maradi. Cikinta ya ɗaure, ta daina cin abinci. Gwaggo Mariya ta sayo filasko a kasuwa, ta dafa shi ya yi baƙi. Ta tambaye ta ko akwai wani abu. Rabi ta sunkuyar da kai, kunya ta hana ta buɗe baki gaban gwaggo.

Ina wurin, Kaka. Na ce a dakata, ke ba kya ba da shi haka. Duk tsakar gidan aka kwashe da dariya, wai Idi ya sako sabuwa. Na rantse da Alƙur'ani, aka ƙara dariya. Rabi ta sha.

Gudawa ta fara, jini ya biyo. A amalanke muka kai ta likita. Ashe ciki ne da ita, ya zube. Ma'aikatan suna ta magana da Faransanci a kanta, ni da allo kaɗai na sani, sai kallon bakinsu nake. Rediyo na cewa shugaban ƙasa Diori ya kawo mana likitoci. Na gan su, sun yi iyakar yinsu, amma jinin ya ƙi tsayawa. Jiya na kwaikwayi muryarki don ta yi murmushi. Ba ta gane ni ba.

Gwaggo sai kuka take. Ni kuma ba ni da wanda zan kai wa wannan sai ke.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki. Ina roƙonsa Ya bar mana Rabi. In kuma ta riga wasiƙar nan isowa, ki karɓe ta da hannu biyu, ba ta da ƙarfi.

Naki,
Idi