Inna Ta Shanya Faya-fayan Baba

Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyin can? Ya Maryam da yara? Mu nan lafiya lau, sai kewa.

Ranar Asabar na je Bungudu. Tun daga zaure Inna ta tare ni: "Zo ki gani, 'yar boko, na ceci kayan babanku!"

Ashe ɗakin marigayi Baba ne ya yi yoyo, ruwa ya jiƙa faya-fayansa na kiɗan Amurka, jaz da bulus. Ita kuwa ta shanya su a rana kusa da barkono. Duk sun lanƙwashe kamar kasko. Na ce mata sannu da aiki. Me zan ce? Ba ta taɓa son kiɗan ba, amma kullum sai ta goge su.

Wanda ke kan garmahon kawai ya tsira, mai busar nan da muke ji bayan la'asar. Na ja ƙofar ɗakin, na taho da shi da garmahon Gusau. Jiya na kunna, babu wanda zan ce wa "ji wurin nan."

Ka zo da Sallah mu ji tare. Kada ka gaya wa Inna sun lalace. Ka sa Baba a addu'a, ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Rabi