Gidan da Aka Daina Jin Daka

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Daga jikarki Hajjo a Ajingi, zuwa ga Iya, can ƙasar Barno inda ta je duba ƙaninta ta shantake. Gaisuwa mai yawa da ban girma, da tambayar lafiyarki da jikin Kaka Bukar. Allah ya ba shi sauƙi. Baba yana gaishe ki, haka ƙannena Ilu da Mairo.

Wanda zai karanta miki takardar nan, ina roƙonsa ya zauna ta damanki, don na san kunnen hagun nan ba ya jin komai sai an ce ga goro.

Bayan haka, Iya, kin ce kafin ruwan fari kin dawo. Ga shi gero ya fitar da kai. Na san fataken kanwa ba sa riƙe magana, shi ya sa na roƙi takarda wajen malam na zauna rubutu, don kada ki ji a bakinsu cewa jikokinki ƙaiƙayi suke ci. Ki ji daga wajena, ni da na daka ƙaiƙayin.

Kin tuna yadda kike tuwonki. Tun azahar an fara surfe, a wanke, a daka, a tankaɗe, a yi talge, a tuƙa, ke kuwa kina tsaye a kaina kina cewa, “Ke dai ba za ki taɓa riƙe gida ba, baki kawai kika iya riƙewa, shi ma a buɗe.” Ni kuma ina bayanki ina kwaikwayon tafiyarki, su Mairo suna toshe baki.

Da damina ta sauka Baba ba shi da mataimaki, dole na bi shi gona. Ba na shigowa gida sai la'asar sakaliya, itace a jiƙe, bayana kamar an daka. Na gwada irin tuwonki. Kafin in kwashe Ilu ya yi barci a bakin murhu, aka tashe shi yana kuka, ya ci loma kaɗan ya koma. Da na ga abin yana maimaituwa, sai na ce a raina ai ba a saukar da tuwo cikin littafi ba.

Ga abin da na tsiro da shi. Ranar Juma'a da ba a zuwa gona nake yin surfe gaba ɗaya, in ɓarza tsaki a dutse, in niƙa wake da dawa, in shanya a ɗaki, in zuba a tukwane in rufe. Sauran ranaku kuwa, a hanyar dawowa daga gona nake tsinko cefanena: yakuwa, rama, tafasa, ga zogalenki na bayan ɗaki da ya yi tsawo har ya wuce danga.

In na gaji ƙwarai, fate nake yi. Ruwa ya tafasa da daddawa da barkono da dakakkiyar gyaɗa, in zuba tsaki ina juyawa, in watsa yakuwa a kai. Kafin Baba ya gama wanke ƙafa an sauke. Wata rana in dafa rama ko tafasa in matse, in kwaɗanta da ƙuli-ƙuli da ɗan gishiri. Ran da na samu itace busasshe sai in ɗora madambaci, in haɗa tsaki da zogale, in zuba man gyaɗa kaɗan. Ilu ya ce dambuna ya fi naki. Na ce ya bari sai kin dawo ya faɗa a gabanki, in ga jarumtarsa.

Kowa yana ci da sauran haske, cikinsa ba nauyi, da asuba a tashi garau. Ganye kuma yana ja wa hatsi rai, abin da kike ɗiba na yini ɗaya yana kai mu nesa. Baba kuwa, akushinsa a sharce yake dawowa daga zaure.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne kunnen maƙwabta. Ashe a garin nan da ƙarar taɓarya ake gane gidan da ke da abinci. Inna Tabawa ta bayan dangarmu ta kasa kunne, la'asar ta yi ba daka, ta duba sama ta ga hayaƙinmu ya tashi ya mutu nan da nan. Sai ta fara gaishe da Baba da muryar ta'aziyya. Rannan har ta miƙo mana ɗumame ta saman danga, ta ce a ba yara, Allah ba ya barin bawansa.

Kin san halina. Na ce tunda daka take so, bari in ba ta. Na cika turmi da ƙaiƙayi, ni da Mairo muka shiga lugude, ina cilla taɓarya sama ina tafi ina cafewa, har da waƙa. Iya, da kin ji luguden nan da kin yi mini guɗa. Ban san ta kafa ido a hudar zana ba. Ta ga abin da ke cikin turmin sarai. Ranar kasuwar Gaya labari ya riga 'yan kasuwa isa: gidanmu yunwa ta kai ana dakan ƙaiƙayi.

Sai ga 'yarki, Gwaggo Asabe, ta taso daga Gaya da jaki da mangalar dawa, da autarta Uwani a baya. Ta iso rana ta yi sanyi, mu ma shigowarmu ke nan daga gona. Ko ruwa ba ta gama sha ba ta dubi Baba ta ce ta zo tafiya da Ilu da Mairo, za ta riƙe su a wajenta, tunda an bar gida a hannun yarinyar da ba ta san komai ba sai wasa. Ta ce in kin dawo ma sai an duba. Hancinki ta ɗauko, da taurin kanki.

Baba ya yi ƙoƙarin bayani, ta katse shi. Kin san ba ya iya ɗaga ido a gabanta. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Yadda kika gani, Yaya.”

Mairo ta zo ta riƙe bakin zanena ta baya. Tun rasuwar innarmu ba mu taɓa kwana a rabe ba, ke shaida ce. A nan ne na nemi abin dariya a bakina na rasa.

Na durƙusa na ce ta yi haƙuri, tafiya dai ba ta yiwuwa sai da safe, ta bari a ci abinci. Ta dubi murhu a sanyaye, ta dubi rana ta yi ja a kan kuka.

“Me za a ci, 'yar nan? Labari?”

Na hura wuta da karan da na ɓoye a ɗaki, na ɗora ruwa. Na ɗebo garin wake da na dawa, na barbaɗa kuka, na tsiyaya ruwan kanwa na kwaɓa. Tana zaune a kan turmi tana kallon hannuna, tana jiran in yi kuskure. Ruwa na tafasa na shiga jefa ɗanwake. Suka nutse suka taso, na bar su suka nuna, na tsame a ruwan sanyi, na zuba man gyaɗa da yaji, na kawo kwaɗon rama a gefe. Baba ya fita sallar magariba ana jefawa, ya dawo ya tarar da akushinsa a rufe.

Gwaggo ta ci ɗaya, ta tauna a hankali kamar mai neman tsakuwa. Ta ci na biyu. Daga nan ban ƙara ƙirgawa ba, don kunya. Ta ce kanwa ta ɗan yi yawa, alhali ƙwaryar ta kusa ganin gindinta. Da ta wanke hannu ta jawo Ilu ta matsa damtsensa, ta buɗe idon Mairo ta duba, ta tambaye su abin da suka ci jiya da shekaranjiya. Suka shiga lissafa mata suna rige-rige. Ta ce ciki ɗaya ba ya shaida, ita sai ta ga rumbu.

Da safe ta sa aka jingina tsani, ta ɗaure zane ta hau da kanta, duk da ciwon ƙafar nan tata. Ta leƙa ta daɗe. Da ta sauko ta kakkaɓe hannu ta tambayi Baba ko an ƙara hatsi bayan tafiyarki. Ya ce ko zangarniya ɗaya. Can a bakin randa Uwani ta raɗa mini cewa nasu rumbun ya kusa ƙasa, dawar da Gwaggo ta kawo mana daga ɗan abin da ya rage ta ɗiba. Tun daga lokacin na daina jin haushinta. Na cika mata ƙwarya da tsaki, na ɗaure mata garin ɗanwake da busasshiyar rama, na sa a mangala ban faɗa mata ba.

Aka ɗaura wa jaki kaya. Mairo ta shige bayana, ni kuma na ƙi kallon kowa. Gwaggo ta je har bakin zaure, ta juyo ta ce wa Uwani ta mayar da ƙunshin kayanta ɗaki, nan za ta zauna sai an yanke gero. Sannan ta nuna ni da baki.

“Ki koya mata. Amma ban da surutun.”

To kin ji, Iya. Ta zo ɗaukar biyu, ta tafi ta bar mana ɗaya. Uwani ta girme ni, amma yanzu ni ke cewa ta rage wuta, kuma tana ragewa.

Kada kanki ya kumbura, amma zan faɗa miki gaskiya. Awon kanwar nan naki ne. Yadda ake matse rama, da lokacin da ake zuba yakuwa don kada ta mutu a tukunya, duk a hannunki na gani, sa'ad da kike zaton wasa nake yi. Wani lokaci ina juya fate sai in ji kamar za ki ce daga bayana in bar kallon ƙofa. In waiga, ba kowa sai kujerarki. Na hana kowa zama a kanta, har Gwaggo.

Allah ya ba Kaka Bukar lafiya. Allah ya jiƙan innarmu, ya haskaka makwancinta. Allah ya sa ki shigo ayarin mutanen kirki, ya kiyaye ki daga sharrin hanya, ya dawo mana da ke kina faɗanki yadda kika saba. Ran da kika iso ba za ki taɓa muciya ba. Ki wanke ƙafa ki zauna a tabarma, ni zan zuba miki.

Wassalam.

Jikarki mai riƙe da gida,
Hajjo