Bulalar da Aka Yi wa 'Yata Don Ta Kai Ƙara

Zuwa ga: Mai Girma Sakataren Ilimi
Daga: Mahaifiyar ɗalibai biyu, 'yan aji biyar da aji uku, makarantar firamare ta bayan kasuwa
Kwanan wata: 19 ga Mayu

Game da: Hukunta ɗaliba saboda ta yi aiki da darasin da makaranta ta koya mata

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina gabatar da wannan ƙorafi cikin ladabi, duk da cewa da sunan ladabin ne aka doki 'yata.

1. A zangon da ya wuce, malamar kiwon lafiya ta koya wa yara kare kansu: in babba ya taɓa su inda bai dace ba, su ce a'a, su gudu, su faɗa. Har waƙa aka yi da darasin. Ranar 6 ga Maris da ka kawo ziyara, babbar 'yata ce ta ja waƙar, kai da kanka ka tafa mata.

2. Tsarin makarantar shi ne, bayan an tashi, yaron da sharar aji ta faɗo a kansa shi kaɗai yake mai da tsintsiya da bokiti sito, wani ɗaki marar taga can bayan ajujuwa. Ranar 8 ga Mayu shara ta faɗo kan 'yata. Tana shiga, mai kula da sito ya tura ƙofa, ya riƙe ta, ya kai hannu inda bai kamata ba. Ta yi ihu, ta fizge, ta ruga ofishin shugaban makaranta da takalmi ƙafa ɗaya, ta faɗa. Ba ta tsallake ko ɗaya cikin abin da aka koya mata ba.

3. Washegari a taron safe aka yi mata bulala a gaban yara, wai ta yi wa sa'an ubanta sharri. Sannan aka sa ta durƙusa ta nemi gafararsa. Shi kuma, don rashin tsoron Allah, ya dafa kanta ya ce ya yafe mata. Ranka ya daɗe, da hannun nan nasa.

4. Ranar 12 ga Mayu na je da kaina. Aka shanya ni a baranda har rana ta take, daga bisani shugaban makaranta ya ba ni shawarar in rufa wa 'yata asiri, tunda mace ce kuma bakin mutane ba ya gajiya. Ban san asirin wa ake rufawa ba, don makullin sito har yau yana aljihun mutumin. Malamar kuwa an hana ta darasin, wai yana buɗe wa yara ido. Amma hoton darasin yana nan manne a bangon ofis, saboda baƙi.

5. A wannan makon aka fara sa 'yan aji uku shara, kuma ƙanwarta tana cikinsu. Jiya da safe ina ɗaura wa ƙaramar ɗankwali, na ji yayarta tana yi mata raɗa cewa in mutumin ya riƙe ta, ta gudu, amma kada ta kuskura ta faɗa wa kowa, don duka ake yi. Yarinyar da a da ba a iya rufe mata baki a gidana ke nan.

Saboda haka nake roƙon ofishinka mai daraja da ya dakatar da mai kula da sito, a yi bincike, kuma a saurari yaran ba a gabansa ba. A daina tura yaro sito shi kaɗai. A mai da darasin. Sannan a wanke 'yata a filin da aka durƙusar da ita, a gaban yaran da suka gani, don ba ita kaɗai ta ɗauki darasin ranar ba.

Ba ni da kowa a sama, keken ɗinki kawai gare ni. Sharar ƙaramar za ta faɗo ranar Alhamis. Idan ban ji daga gare ka ba, ni zan kai tsintsiyar sito da hannuna, kuma ina roƙon a sanar da shugaban makaranta cewa ni ba zan durƙusa ba.

Allah ya ƙara girma, ya ba ka ikon yin adalci.

Taka cikin girmamawa,
Mahaifiyar yarinyar da ka tafa wa