Injina Yana Gasa, Albasata Tana Jiran Ruwa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Gasar Motocin Ɗalibai Masu Ƙarancin Shan Mai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da tambayar iyali da aiki da gajiyar zirga-zirga, ina fatan wannan ta same ka lafiya.

Ranka ya daɗe, ba ka san ni ba, amma ka san injina, don na ga hotonka a jarida ka dafa shi kana murmushi. Sunana Sale, manomin albasa a fadamar Kiyako ta ƙasar Birnin Kudu. Karatuna ya tsaya a aji uku na elemantare, inda ni da lissafi muka rabu ba tare da kowa ya riƙe wani a zuciya ba. In ka ga rubutun yana ɗingishi, a nan ya samo targaɗen.

Ni ne mahaifin ɗalibin makarantar koyon sana'a mai koriyar motar nan da ta zo ta ɗaya a Kano. Ba zan rubuta sunansa ba. Ɗan farina ne, kuma a gidanmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya zama hira da shi, in da magana sai ta biyo ta bakin wani. Ku kuna da sunan a wajenku. Ga abin da ke tafe da ni.

Na ɗaya. Ina cikin waɗanda suka ga haihuwar gasar nan, kuma ina cikin waɗanda suka yi mata dariya. Shekarar farko a filin bayan kasuwar Birnin Kudu aka yi ta, tsakiyar damina, ɗaliban makarantu biyu kacal. Motocin kuwa ƙafafun keke ne da katako da guntun kwanon rufi, mutum ya kwanta a ciki kamar wanda za a kai kushewa. Aka auna wa kowa fetur a kwalbar lemo, aka ce wanda ya fi nisa kafin nasa ya ƙare shi ya ci. Mu 'yan kallo muka ce waɗannan malamai ba su da aikin yi. A ƙasar da mai ya ɓulɓulo, kowane akawu ya sayi babur, fetur bai kai man gyaɗa daraja ba, wa ya aike su tattalinsa? Kafin la'asar an gama, wanda ya ci an ba shi fitilar ƙwai, kowa ya koma gona.

Daga nan abu ya yi ta girma. 'Yan Gwaram suka shigo, filin ya yi kaɗan aka koma kan titi, aka kawo lasifika da 'yan sanda. Shekarar da muka fara yini a layin gidan mai da galan a hannu, dariyarmu ta koma ciki. Sai gidan rediyo ya fara zuwa. Yanzu ga shi an yi wa gasar hawa-hawa kamar bene: a kara a gunduma, a tafi jiha, daga can sai Ikko. Ban ƙi wannan ba, Allah ya ƙara. Abu ɗaya ne ba ku lura ba. Gasar da a da take farawa ta ƙare a yini guda cikin damina, yanzu ta miƙe ƙafa har cikin rani, kuma a kan gonata ƙafar ta sauka.

Na biyu. Injin da ke cikin koriyar motar nan injin ban ruwana ne. Sa na sayar na saye shi, bayan na shekara da shekaru ina ɗaga jigo. Da ruwa ya sauka bana, malaminsu na kanikanci, wani mutumin Maruta mai kirki, ya zo har zaure ya ce yaron nan yana neman aron injin, ƙaraminsa ne daidai da abin da suke so. Na ce a ɗauka. Ban tambayi ranar dawowa ba, shi ma bai faɗa ba, don mu biyun mun san ta. A wajenmu kayan rani da damina ake aronsu, kayan damina da rani. Ka ari garma da rani, hadarin farko ya same ta a gidan mai ita. Ka ari injin ban ruwa da damina, da an yanke gero kogi ya ja baya sai a gan shi ya dawo da ƙafarsa. Ba a rubutawa, ba a tuni, mai tuni ma shi ake zagi. Ni da malamin mun ɗauka duk duniya haka ake yi. Ashe kwamitinku bai san an yanke gero ba.

Na uku. Yaro ya ci a Birnin Kudu. Ranar kam na yi abin da dattijo bai kamata ya yi ba, don tun da ba ni da ikon yabon ɗan, sai na bi rumfa rumfa ina yabon injin. Har aminina Ɗanladi mai shayi ya ce in zauna haka nan, kada a zaci ni na sha kwalbar fetur ɗin. An ce wanda ya hau motar kwaɗayi a tashar wulaƙanci zai sauka. To, tawa ta alfahari ce, amma tashar ɗaya ce.

Suka tafi Kano, ya sake ci. A nan ne mutanenku suka ɗaure injin da waya suka danna mata dalma da hatimi, suka ce haka zai zauna har a je Ikko, don kada wani ya taɓa cikinsa, kuma duk wanda hatiminsa ya karye ya fita daga gasa. Dokar ba ta da laifi, na san halin mutane. Amma an ce Ikko sai tsakiyar rani, kuma wanda ya ci can za a ba shi gurbin karatun injiniya.

Na hau mota na je Kano in gani da idona. Na same shi a wani sito, an wanke shi, an shafa masa fenti, yana ƙyalli kamar angon da ya manta ƙauyensu. Da lanƙwasar da ke gefen tankinsa na gane shi, inda jakina ya taɓa harbinsa. Na miƙa hannu, mai gadi ya ce, Baba, a kalla da ido, kayan gwamnati ne. Na ce masa Allah ya ba gwamnati haƙuri, ban san da ita muka sayar da sa ɗin nan ba. An ce kayan aro ba ya rufe katara, amma na ga nawa ya rufe ta kwamiti har ƙasa.

Na huɗu. Rainon albasata ya isa dashe, kuma albasa ba ta karanta jarida. Maƙwabta na da injinansu, sai dai rani ne, kowa nasa na aiki, kuma wanda ya nemi aron injin ban ruwa da rani kamar ya nemi aron bargo ne da sanyi. Don haka na kafa tsohon jigona a bakin kogi. Na ga ni da shi duk mun tsufa, shi yana kuka ta wuya, ni ta ƙugu. Abin da inji ke shayarwa kafin hantsi, ni ina kaiwa azahar ban yi rabinsa ba. Duk fangalin da ke nesa da kogi na riga na sallama shi. Wannan albasar ita ce cefanen gidana daga rani zuwa kaka.

A nan ina so kwamiti ya duba wani abu. In dai ƙarancin shan mai ake nema, yaron nan yana shan kwalba guda, ni ubansa ba na shan ko ɗigo. Kunu kawai ake zuba min. Ban ce a ba ni kofi ba, amma a sa a lissafi.

Na biyar, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Mai ɗakina ta ga yadda nake tashi daga tabarma da dabara, sai ta aika wa yaron ta bakin direban motar kasuwa cewa ƙugun babansa ya ƙi. Ban sa ta ba, kuma da na yi faɗa ta ce in bari sai na iya miƙewa tsaye tukuna in yi faɗan da kyau. Yanzu malaminsu ya zo ya gaya min yaron ya ce zai je Kano ya tsinke wayar nan, ya ɗauko injin ya kawo gida, gasa ta tafi da kayanta. Malamin ya yi masa magana bai ji ba. Ya ce sai in ni zan kira shi in hana shi.

Ranka ya daɗe, tun da aka haife shi ban taɓa zaunar da shi na yi masa magana mai tsawon wannan takarda ba. In na shigo gida ya fita, in ya gaishe ni na amsa ina kallon bango. Haka ubana ya yi da ni, ban kuma mutu ba. Ban san ta inda ake farawa ba. Amma na ji an ce a makarantarsu ana liƙa jarida a allo, kowa ya karanta, shi ya sa na aika wannan takarda a buga ta a jarida ma.

Saboda haka ga roƙona.

Da farko, in kwamiti na da wani injin ban ruwa, ko tsoho ne mai tari, a ba ni aron rani. Ba sai an rubuta ba. Da hadarin farko ya taso za ku gan shi a ƙofarku, mu mun iya mayarwa.

Sannan nan gaba, ko dai ku tattara gasar nan ta koma cikin damina yadda ta faro, ko ku riƙa ba yara injinan gasa daga wajenku. Ku tambayi ɗaliban ƙauye daga ina nasu suka fito. Na tabbata akwai injin markaɗen wata tsohuwa a sitonku, ita ma tana can tana jira.

Na ƙarshe, kuma in za a yi guda ɗaya tak to a yi wannan. In wani ɗalibi mai koriyar mota ya zo da filaya a hannu, kada mai gadi ya buɗe masa ƙofa. A gaya masa mai injin ya ce bai yarda ba. A ce masa albasa ana dasa wata baɗi, Ikko kuwa ba kullum take kira ba. A ce masa mai injin ya tsaya a aji uku, kuma aji uku guda ɗaya ya ishi gida. In ya ce ƙugun fa, a ce masa ƙarya ne, mata ne da ƙarin gishiri. Ya tafi ya tuƙa motarsa a hankali, kuma ya riƙa goge fulogi, don injin nan in ya ji sanyi yana da gardama kamar mai shi.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa gasar nan albarka, ya kai yaran kowa lafiya ya dawo da su lafiya. Allah ya ba mai rabo sa'a. Ba zan faɗi wanda nake nufi ba.

Wassalam.

Naka,
Sale mai albasa,
Bakin jigo, fadamar Kiyako.