Kunyoyin Sadisu a Bayan Gidana

Asabar, 4 ga Mayu, 2024

Abdulrauf ya dawo daga Agadas. A takarda dai ina iya rubuta sunan, ɗan fari ne, baki ba ya faɗa. Shekara shida yana gyaran injuna a can, na ɗauka hankali zai kawo. Abin da ya kawo: babura biyu masu dogayen ƙafafu kamar zalɓe, da wani abu mai taya huɗu, shi ba mota ba, shi ba babur ba.

Bayan la'asar ya durƙusa. "Baba, kangon bayan gida nake so ka ara mani. Filin tseren babur zan yi." Mutum mai shekara talatin da uku! Na ce ya ɗauka, ko akuya ta raina wurin.

Litinin, 6 ga Mayu

Daga bakin ƙanwarsa Haulatu na ji sauran. Wai akwai ƙungiyar masu hawan irin waɗannan babura a Katsina da Kano, za su zo su gwada filin bayan Babbar Sallah. In ya yi masu, za su riƙa zuwa, shi kuma ya buɗe garejinsa nan Kankia. In bai yi ba, ya koma. Maigidansa na can ya riƙe mashi gurbinsa zuwa ƙarshen Yuni.

Uwarsa Hadijatu tana bakin murhu ta ji zancen. Tuwo dai ya ƙone.

Alhamis, 9 ga Mayu

Ya nuna mani hoton filin a waya, na wasu Turawa. Tudu nan, rami can, kwanar hanya har bakwai. Ba awo, ba lissafin gangare. Kangon nan yana zubowa ne daga gabas zuwa katangar gidana, ko makaho zai ji a ƙafarsa.

Shekara ashirin da tara ina safiyon hanya. Rana ta ƙarshe da na gaya wa wani inda ruwa zai bi, takardar ritaya aka miƙo mani. Hanyar ta tafi a damina ta biyu, kuma har yau ba wanda ya zo ya ce, Ɗanmaliki, ashe gaskiyarka. Saboda haka na miƙa mashi wayarsa na ce Allah ya taimaka.

Lahadi, 12 ga Mayu

Ƙarar babura tun hantsi. Kajin gidan nan sun daina ƙwai, ni na daina karatu.

Laraba, 15 ga Mayu

Mai unguwa ya zo da kansa, wai mutane suna tambayar baburan daji a bayan gidan dattijo, a wannan zamani. Sai da aka fito da takardu. Ni da ban taɓa hawa ko keke da gudu ba, yau ni ake tambaya.

Talata, 21 ga Mayu

Yau na ga abin da zan daɗe ina tunawa.

Abdulrauf ya tafi Kano sayen tayoyi. Daga mota ya kira Sadisu, mai shanun huɗa na Fakuwa, ya ce a ja mashi kunyoyi goma sha biyu, manya. Abin da yake nufi, 'yan tudunnan da ake jerawa a gicciye kan hanya, babur yana tsallaka su ɗaya bayan ɗaya. Sadisu kuwa kunya ɗaya ya sani a duniya. Ya zo da bijimansa biyu da garma, ya yi bismilla, ya huɗe kangon nan daga gabas har gindin katangata. Kunyoyi miƙaƙƙu, ko ni da igiyar awo ba zan fi haka ba. Har hanyar da aka kwana goma ana dandaɓewa ya bi ta kai.

Ina ƙarƙashin dalbejiya ina kallo tun daga kunyar farko. Na san kuskure ne. Ban tashi ba.

Da ya dawo ya tsaya kamar an dasa shi.

"Sadisu, mene ne wannan?"

"Kunya ka ce, kunya na yi. Ƙirga, sha biyu ne, har na ƙara maka gyara."

"A gicciye nake nufi! Na babur!"

"Babur ake shukawa yanzu? Yallaɓai, ko shanuna ba su yarda su yi huɗa a gicciye, suna da mutunci." Har ya tambaya gero za a sa ko dawa, yana da iri mai kyau.

Na yi dariyar da na shekara ban yi ba. Ni kaɗai na yi ta.

Laraba, 22 ga Mayu

Hadijatu ta aje mani koko da ƙarfi. "Malam, kana zaune aka yi ɓarnar nan?" Na ce ba a tambaye ni ba. Ta ce, "Ni ba ni iya buɗe baki in ce mashi ya zauna, ka sani. Kai kuma abin da ka iya ka rufe a akwati kana jiran a zo a roƙe ka. To, jira."

Shekara talatin da biyar, ba ta taɓa yi mani magana haka ba. Kokon ma ba sukari.

Lahadi, 2 ga Yuni

Ruwan farko, da azahar, kamar da bakin ƙwarya. Kowace kunyar Sadisu ta zama lambatu, duka sha biyun da gyararsu suka nufo katangata. Kamu huɗu na katangar ya zube. Tudun da ya yi sati yana tarawa da yashi ya narke kamar sukari.

Na leƙa ta inda katangar ta faɗi. Yana zaune kan mai taya huɗun nan, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Yaushe ya yi furfura a gemu? Ba wanda ya gaya mani.

Haulatu ta ce ya tambayi ranar da motar Maraɗi ke tashi, hanyar komawa Agadas.

Litinin, 3 ga Yuni

Na fito da turaku da igiya da tsohon tiyona na gwada gangare. Don katangata kawai. In rubuta shi a nan kada wani ya ce wani abu.

Alhamis, 6 ga Yuni

Abdulrauf ya zo taya ni, riƙe bakin tiyo ma bai iya ba. Ka cika shi da ruwa, ka riƙe baki ɗaya jikin turke, in riƙe ɗayan, inda ruwa ya tsaya nan ne daidai. Sau uku yana zubarwa. "Baba, akwai manhaja a waya." Na ce ta zo ta gyara katangar.

Na juya magudana zuwa kudu, ta faɗa tsohon kududdufi. Na ce yashi ba ya riƙe tudu, a kawo marmara daga wajen Kusada, a zuba kaɗan-kaɗan ana yayyafa ruwa ana dandaɓewa. Ya yi gardama kan tudu na uku, wai na kwantar da shi da yawa, babur ba zai tashi ba. Ya hau ya gwada. Bai tashi ba. To, a nan gaskiyarsa ce. Ban faɗa mashi ba, na dai matsar da turken.

Talata, 11 ga Yuni

Bayana. Gwiwata. Sadisu ya dawo rushe kunyoyinsa yana ta mita, wai bai taɓa ganin gidan da uba da ɗa suka haukace a damina guda ba.

Talata, 18 ga Yuni

An kwana ana ruwa, da safe filin tsaf, ruwa ko tafin hannu bai kwanta ba. 'Yan ƙungiyar mutum tara suka zo da hulunan kwano. Rabin unguwa a kan katanga. Na zauna nesa don ƙara.

Abdulrauf ya fara. Da ya zo tudu na uku sai na ga sarari tsakanin tayarsa da ƙasa, mutum zai iya wucewa a sunkuye. Haulatu ta ce wai na miƙe tsaye. Ban tuna ba.

Babbansu, wani Alhaji Ashiru, ya tambayi kamfanin da ya fitar da magudanar. Aka nuna ni. Ya ce filin ya yi, sai kwanar ƙarshe, tana jefar da mutum waje, biyu sun faɗi a nan. In an gyara su dawo, in ba a gyara ba, ba alkawari.

Alhamis, 20 ga Yuni

Maigidansa na Agadas ya kira sau biyu yau, yana son amsa. Bayan la'asar Abdulrauf ya same ni a kwanar ina duba ta. Ya daɗe yana murza hularsa.

"Baba, gyaran nan zai ɗauki kwana nawa? Ko in bar maka ma'aikata in je in dawo?"

Na ce wane ma'aikaci? Kwana irin wannan sai an ɗaga bayanta a hankali, kuma sai mai hawa yana nan yana gwadawa bayan kowane ruwa. Ba za ta zauna ba sai damina ta wuce ta kanta. Bayan kaka, in Allah ya kai mu.

Ya dube ni, ya dubi kwanar. Ya ce to. Ya koma gefe ya kira Agadas, na ji yana ba da haƙuri.

Aikin kwana uku ne. Huɗu, in Sadisu ya sa baki.