Tumbuɗin Husaina da Maganin da Na Ba Ta

Zuwa ga masu shagunan sayar da magani na Gummi, Anka da Bukkuyum,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, da fatan iyalanku suna lafiya. Ni uwar tagwaye ce a Gummi, Hassana da Husaina, kuma a kan Husaina nake rubuto muku. Abubuwa uku zan gaya muku.

Na farko. Tun tana jaririya Husaina ke tumbuɗi bayan kowane shan nono. Ba ta rame ba, ba ta kuka. Ni ce na gaji da wankin zannuwa, na kuma gaji da jin mata suna cewa nonona ne bai karɓe ta ba. Na je wani shago a bakin kasuwa. Mai shagon bai ga yarinyar ba, bai tambayi nauyinta ba. Ya ba ni maganin rage tsamin ciki, irin na masu olsa, ya ce in riƙa buɗe ƙwayar ina jiƙa mata kaɗan. Inna, mahaifiyata, ta hana ni, ta ce duk 'ya'yanta sun yi tumbuɗi sun bari. Ban ji ba.

Na biyu. Wata da watanni ina ba ta. Sai gudawa ta kama ta, ta tafi ta dawo, ciki ya riƙa kumbura. Hassana, mai shan nono ɗaya da ita, ta zauna, ta yi rarrafe, Husaina na kwance. A asibiti likita ta bayyana mini cewa tsamin ciki shi ke kashe miyagun ƙwayoyin cuta, kuma idan an rage shi, ƙwayoyi masu amfani da ke cikin hanjin jariri kan rikice. Ta ce ba za ta rantse maganin ne kaɗai sanadi ba. Wannan bai sanyaya mini rai ba, don da hannuna na riƙe haɓar ɗiyata ina ɗura mata tana kauda kai.

Na uku, shi ya fi hana ni sukuni. Na yaba wa wata maƙwabciyata maganin. Da na koma in gargaɗe ta, na tarar ta riga ta gaya wa ƙanwarta da ke aure a Adabka. Ban san inda maganata ta kai ba yanzu, ban san jarirai nawa ake ɗura wa ba.

Laifina na ɗauka, amma ku ma kuna da naku. Ina roƙon ku, kada ku sayar da wannan magani don jariri sai da takardar likita. Duk uwar da ta zo da kukan tumbuɗi, ku tura ta asibiti a auna ɗanta, ko da za ta ji haushinku.

Husaina ta fara samun sauƙi, jiya ta dafa bango ta miƙe. Allah Ya sa albarka a sana'arku, Ya tsare hannuwanku da namu daga cutar da wanda bai iya cewa a'a ba.

Wassalam.

Uwar tagwaye, Gummi.