Littafin da Na Ajiye a Ƙasan Akwati

Zuwa ga 'yar'uwata Malama Rahila,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da iyali a Shanga, ki gafarce ni da zan dame ki bayan shirun da na yi tun da aka yi miki canjin wurin aiki. Kunya ce ta riƙe mini hannu.

Kin tuna ajinmu na matan bakin ruwa a Wara, masu bandar kifi da suka zo koyon Turanci? Da za ki tafi kin bar mini littafin da kika rubuta da hannunki: sunayen kifi, katin asibiti, rubutun jikin kwalin magani. Kika ce, "Ki ba su abin da haƙorinsu zai iya taunawa."

Na raina shi, Rahila. Na sayo wani babba mai sheƙi a Yelwa, cike da labarin dusar ƙanƙara da jirgin ƙasa. A makarantar allo na tashi, inda muke haddacewa tukuna, fahimta ta biyo baya, sai na ɗauka Turanci ma haka yake. Na manta cewa ko a can malam ba ya rubuta wa yaro abin da ya fi ƙarfin allonsa.

Ranar Talata Inna Hajo ta jira kowa ya watse, ta kwance bakin zanenta ta fito da kwalin maganin mijinta. Wata bakwai tana zuwa aji, ta iya biya shafin dusar ƙanƙara da ka. A hankali ta ce, "Malama, sau nawa aka ce ya sha? Na ce masa na iya karatu."

Na karanta mata. Har godiya ta yi mini. Ba ta sake dawowa ba.

Na buɗe akwati na tarar gara ta cinye rabin littafinki. Ni da mahaifiyata ta hore ni kada in tsallake takarda mai rubutu a ƙasa.

Allah ya yafe mini girman kai, ya saka miki da alheri. Don Allah ki sake rubuto mini shafukan maganin, ki ba direbobin Yelwa su kawo. Ba na son in je gidan Inna Hajo hannu biyu. Ki ba ni amsa da wuri, kafin yankan shinkafa ya kwashe mini sauran matan.

Taki mai jin nauyinki,
Malama Asabe